Wa zai kai ma tsohuwa tuwo?

  Kafin mu shiga karatun yau, ga tambaya ɗaya. Jiya da dare an kwashe tuwo a gidanku, yara sun ci, manya sun ci. To, unguwarku fa? Ka tabbata kowa ya ci?

Ka rufe ido, ka bi gidajen unguwarku ɗaya bayan ɗaya. Za ka tuna da wani ɗaki da ka daɗe ba ka ga hayaƙi ya tashi a bakinsa ba. Wataƙila wata tsohuwa ce a ciki, ƙafa ta ƙi. Wataƙila wani dattijo ne, ido ya tafi. Ba su zuwa kasuwa. Ba su zuwa rijiya. Ba su zuwa suna ko biki, inda ake raba abinci. In ba a kai masu ba, ba su ci ba ke nan.

Karatun yau a kansu yake. Za mu ga yadda mutanen gari za su shirya, su riƙa kai masu abinci kullum saboda Allah. Za mu kuma ga inda karatu da rubutun da kake koyo za su yi amfani a cikin wannan aiki.

Su wane ne ba su iya fita?

Ko kana zaune a Bazaga, ko Allela, ko Tsarnawa, ko cikin Birnin Ƙonni, ko can wajen Malbaza da Illela, babu garin da ba shi da irin waɗannan mutane. Ga kaɗan daga cikinsu:

1. Tsoho ko tsohuwa da ƙarfi ya ƙare, kuma babu ɗa ko jika kusa.
2. Makaho wanda ba shi da ɗan jagora.
3. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Sau da yawa hawan jini ke kawo haka.
4. Wanda ya karye, yana kwance yana jiran ɗori ya kama.
5. Mai doguwar jinya, kamar mai tarin tibi.
6. Mace mai yoyon fitsari, wadda kunya ta hana ta shiga mutane.
7. Mai jego wadda mijinta ya tafi cin rani, danginta kuma suna nesa.

Wani zai ce: "Ai na ba ta dami guda da kaka." Madalla, Allah ya saka da alheri. Amma ka tuna tafiyar da ke tsakanin dami da tuwo. Sai an yi sussuka. Sai an shiƙe. Sai an surfa, an wanke, an daka ko an kai injin niƙa, an tankaɗe. Sai an ɗebo ruwa. Sai an samo itace ko kara, an hura wuta, an tuƙa. Kowace mace ta san wannan aiki yana cin wuni guda. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga taɓarya, yaya za ta yi da dami? Tana iya kwana da yunwa, ga hatsi a rumbunta. Dafaffen abinci take bukata, wanda za ta sa hannu ta ci.

Ciyayya, gadon iyaye

Kai abinci gidan wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mun tashi mun tarar da ciyayya. In magariba ta yi, magidanta su fito da kwanoninsu ƙofar gida ko zaure, a haɗa a ci tare. Wanda ba a dafa a gidansa ba ya sa hannu, babu wanda ya sani. Mata kuma su zuba tuwo a kwano, su rufe da faifai, su aiki yaro gidan maƙwabta, ko gidan surukai, ko gidan ƙawa. Da azumi ana aika kunu da ƙosai. Da babbar salla ana raba naman layya. Al'ada ce mai kyau, ta rufa ma mutane da yawa asiri.

Sai dai ka duba da kyau, ciyayya tana da inda ba ta kai. Ta zaure, sai mai ƙafa ke zuwa. Wanda ke kwance a ɗaki ba ya cikinta. Ta kwano kuma, yawanci ba-ni-in-ba-ka ce. Yau na aiko miki, gobe ki aiko mini. Wadda ba ta da abin mayarwa, a hankali sai kwano ya daina zuwa ɗakinta. Ba mugunta ba ce, mantuwa ce. Kowa yana tsammanin wani ya kai. Ranar Juma'a sai kwano 3 su haɗu a ɗakinta, har ya lalace. Ranar Asabar da Lahadi kuma babu ko ɗaya.

Abin da ya canja

A da, gida ɗaya yakan tara kaka da ƴaƴa da jikoki, ana noma gandu ɗaya, ana ci daga tukunya ɗaya. Yanzu gandu ya ragu, kowa ya ware da tukunyarsa.

Ga kuma cin rani. Jihar Tawa ta yi suna wajen tafiya neman kuɗi. Da an gama girbi, samari sun kama hanya. Wasu Sakkwato da Legas, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya. Tun shekarar 2014 da aka gano zinariya a Jado, wasu can arewa suke nufa. Akwai mai dawowa da faɗuwar ruwa, akwai mai shekara 2 ko 3 bai leƙo gida ba. Ɗan kirki yakan aiko ma uwarsa kuɗi. Amma kuɗi ba su ɗebo ruwa, ba su tuƙa tuwo. Sai an samu hannu a kusa.

Sannan akwai shekarun wahala. Manya suna tuna farin 1973 da 1974. Suna tuna yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Mun ga ƙarancin cimaka na 2005 da na 2010. An sake rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka kuma rufe ta a 2023 har zuwa watan Maris na 2024. Mu da ke bakin iyaka mun san yadda kasuwa ke yi in haka ta faru. In abinci ya yi tsada, kowace uwargida takan rage awo. Kwanon da ake fara yankewa shi ne na waje. Ko a shekara mai albarka ma, daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu yakan yi ƙasa, mutane kuma suna gona tun safe har la'asar. A lokacin ne aka fi manta na ɗaki.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasar Ingila, lokacin yaƙin duniya na biyu, bama-bamai sun rushe gidaje da yawa, mutane suka rasa wurin girki. Sai wata ƙungiyar mata masu aikin sa kai ta shiga dafa abinci tana kai masu. A shekarar 1943, matan suka fara kai ma tsofaffi dafaffen abinci har gida. Wasu a keken tura jarirai suke ɗora tukwanen, su lulluɓe da ciyawa don kada abincin ya huce. A 1954 aka fara irin wannan aiki a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka. Har yau ana yin shi a ƙasashe da dama. Sunan da suka ba shi, ma'anarsa abinci bisa taya, don yawanci da mota ake kai wa.

Mu ba mu bukatar mota. A ƙauye, daga wannan gida zuwa wancan taku kaɗan ne. Kuma tausayi ba su fi mu ba. Abu ɗaya ya kamata mu ɗauka daga wurinsu, shi ne tsari. Sun rubuta sunan kowane mai bukata. Sun rubuta wanda zai kai, da ranar da zai kai. In wani ya kasa, an san wanda zai maye gurbinsa.

Tsari ma mun san shi. Mun san gayya, inda ake taruwa a nome gonar marar lafiya. Zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta yi ayyukan gayya a garuruwa da yawa. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, suka bazu cikin ƙasa. Matan nan suna haɗuwa kowane mako, suna zubi, suna riƙe lissafi. Wanda ya iya riƙe asusu, zai iya riƙe zagayen kwano.

Yadda za ku fara

Mataki na 1. Ku zauna ku yi shawara. Mutum 5 ko 6 sun isa a fara. A samu mata a ciki, don su ke shiga ɗakuna, su suka san wanda bai ci ba. Ku sanar da maigari da liman, don aikin ya samu albarkar manya.

Mataki na 2. Ku nemi masu bukata a asirce. Kada a yi shela. Ku tambayi ungozoma, da ma'aikacin lafiya na gari, da tsofaffin mata. Ku fara da unguwa ɗaya. Gara ku riƙe mutum 3 shekara guda, da ku ɗauki 20 ku saki bayan wata ɗaya.

Mataki na 3. Ku je ku nemi yardarsu. Mace ta je wurin mace, namiji wurin namiji. Ku gaisa, ku zauna, ku ce: "Inna, muna so mu riƙa aiko miki da ɗan abin da muka dafa, in kin yarda." In tana da dangi a gari, ku fara magana da su, don kada su ga kamar an tona masu asiri.

Mataki na 4. Ku nemi gidajen da za su shiga. Ba a cewa kowa ya yi girki na dabam. Abin da ake roƙo shi ne, ranar da zagaye ya zo kanki, ki ƙara awo kaɗan a tukunyar gidanki.

Mataki na 5. Ku rubuta. Nan ne aikinka yake, kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci.

Kaye da biro

Ka samu kaye guda. A shafi na farko ka rubuta sunayen waɗanda za a kai ma abinci. A shafi na biyu ka ja layi, ka rubuta ranakun mako 7, daga Lahadi zuwa Asabar. Gaban kowace rana ka bar gurbi 2, ɗaya na rana, ɗaya na dare. A kowane gurbi ka rubuta sunan gidan da zai dafa, da sunan wanda zai kai.

Mu yi lissafi. Kwana 7, sau 2 a rana, gurbi 14 ke nan. In gida 14 suka shiga, kowane gida sau ɗaya tak zai ba da abinci a mako. In gida 7 ne, sau 2 a mako. Ka ga abin bai kai yadda ake jin tsoronsa ba.

In an kai, ka sa alama a gaban sunan. In ba a kai ba, ka bar gurbin fari, ka je ka ji dalili. Wanda bai iya karatu ba tukuna, ka yi mashi zane: rana a gurbin rana, wata a gurbin dare. Ka kuma rubuta sunan gida ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. In mai zagaye ta yi tafiya, ko ta haihu, ko an yi mata rasuwa, su za su tare ranar.

Kayen nan amana ne. Ba a barin shi a majalisa kowa ya buɗa. Sunan mai bukata ba abin hira ba ne.

Lissafin hatsi

Akwai gidan da ke da hatsi amma babu mai girki. Akwai mace mai hannu da niyya amma rumbunta ya yi ƙasa. Sai a haɗa su.

Tiya 1 ta hatsi tana kai wajen kilo 2 da rabi. A ce babban mutum yana cin rabin kilo a rana. Tiya 1 za ta kai shi kwana 5. A wata mai kwana 30, tiya 6 ke nan. In mutum 3 kuke riƙe da su, 6 sau 3, tiya 18 a wata. In magidanta 18 suka ba da tiya ɗaiɗai kowane wata, hatsin ya samu.

Lokacin tarawa shi ne kaka, sa'ad da hatsi ke da araha kuma hannu ke sake. Lokacin ne kuma ake fidda zakka: dami 1 cikin 10 ga noman damina, 1 cikin 20 ga noman da aka sha wahalar ban ruwa. Ku tambayi malamanku yadda za a sa waɗannan bayin Allah cikin masu karɓa. Masu lambu a fadamar Ƙonni da masu albasa a wajen Galmi suna iya taimakawa da kayan miya. Ƴan cin rani suna iya aiko kuɗin niƙa da na sabuni. Duk abin da ya shigo, ka rubuta. Duk abin da ya fita, ka rubuta. Ƙarshen wata ka karanta ma jama'a a fili. Kuɗin da ba a rubuta ba shi ke raba ƙungiya.

Wane irin abinci?

Abin da kuke ci shi za ku kai. Amma ku tuna da halin mai ci.

Tsoho ba shi da haƙora. A yi mashi tuwo mai laushi, da miya wadatacciya, ta kuka ko ta kuɓewa. Fura a dama ta da kyau, da nono in akwai. Kunu da safe yana da sauƙin sha.

Hatsi kaɗai ba ya riƙe jikin marar lafiya. A riƙa haɗawa da wake da ya dahu lugub, da ƙuli-ƙuli, da ganyen zogale, da ƙwai ko ɗan kifi in an samu. Wake da gyaɗa suna gina jiki. Ganye yana ƙara jini da lafiya.

Mai hawan jini, a rage mashi gishiri da dunƙulen miya na kanti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya. Mai ciwon sukari, kada a zuba mashi sukari a kunu ko fura. In likita ya hana mutum wani abinci, ka rubuta a kaye gaban sunansa, don kowace mai girki ta sani.

Kada a manta da ruwa. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasarmu. Tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, jikinsa yana iya bushewa bai sani ba. Duk wanda ya kai kwano, ya leƙa randa. In babu ruwa, ya cika ta. Ya ajiye moɗa da buta inda hannun mai ɗakin zai kai.

Tsabta

Cikin tsoho da na marar lafiya ba su da ƙarfi. Abincin da zai ba saurayi ɗan murɗar ciki, yana iya kwantar da tsohuwa. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. A wanke hannu da sabuni kafin girki da kafin zuba abinci.
2. A wanke kwano da sabuni, a kife shi ya bushe.
3. A rufe abinci, saboda ƙuda da ƙura.
4. A kai shi da zafinsa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye, balle da bazara.
5. In ɗumame ne, a tafasa shi sosai har ya yi tururi.
6. Ruwan dama fura ya zama mai tsabta, na famfo ko wanda aka tafasa.

Kada a kai ragowar da yara suka jagwalgwala. Abin da ba za ka ba mahaifiyarka ba, kada ka ba uwar wani.

Ladabin mai kai kwano

Yaro yana iya ɗaukar kwano, amma a riƙa samun babba yana leƙawa, ko sau 2 a mako. Samarin fada masu shan shayi, ga aikin lada kusa da ku. Ɗebo ruwa, faskare, gyaran danga, duk naku ne.

In ka isa, ka yi sallama, ka jira a amsa. Ka durƙusa ka gaida shi: "Baba, ina wuni? Ya jiki?" Kada ka ajiye kwano a bakin ƙofa ka juya, kamar wanda aka kora. Ka buɗe mashi, ka ba shi ruwan wanke hannu. In makaho ne, ka kama hannunsa ka nuna mashi inda tuwo yake da inda miya take. In hannunsa ba ya aiki, ka tayar da shi zaune sosai, ka ba shi kaɗan kaɗan. Ba a ba mutum abinci yana kwance, don yana iya shaƙewa.

Ka ɗan zauna. Ka ba shi labarin gari: wa ya haihu, wa ya dawo daga tafiya, ina aka yi ruwa. Wataƙila tun safe kai ne mutum na farko da ya yi mashi magana. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Sau da yawa mutum yakan fi cin abinci in akwai wanda ke zaune kusa da shi.

Abu 3 ba a yi. Ba a gori. Ba a ɗaukar hoton mutum da salula a watsa. Ba a karɓar tukuici daga hannun wanda ake taimako, ko da goro ne, sai dai addu'a. A gaya ma yara wannan tun farko.

Akwai masu ƙyamar shiga ɗakin kuturu. Ka sani kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 ake ba da maganinta kyauta a duniya. Wanda ya fara shan magani ba ya harbin kowa. Mai tarin tibi kuma, maganinsa yawanci yana ɗaukar wata 6, kuma yana bukatar abinci sosai. Ka zauna da shi a waje, inda iska ke kaɗawa, ka ƙarfafa mashi gwiwa kada ya yanke magani.

Idonka ma aiki yake

Mai kai kwano shi ke fara ganin abin da ya canja. Ka lura da waɗannan alamu:

1. Kwanon jiya yana nan ba a taɓa ba.
2. Zawo ko amai.
3. Zazzaɓi mai zafi.
4. Magana ta rikice, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki.
5. Ƙafafu sun kumbura, ko numfashi yana wuya.
6. Gyambo a baya ko a ɗuwawu saboda daɗewa a kwance.

In ka ga ɗaya daga ciki, kada ka ce bari mu ga gobe. Ka gaya ma dangi da shugaban ƙungiya, a nemi ma'aikacin lafiya, ko a ɗauke shi a amalanke zuwa likita. Karkacewar baki da sakin hannu ba su jira ko awa ɗaya. In zawo ne, kafin a isa likita a ba shi ruwan gishiri da sukari. In akwai na ƙunshi da ake samu a likita, shi ya fi. In babu, a samu ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa, a riƙa ba shi kurɓi kurɓi. Kai ba likita ba ne. Kada ka sayo ƙwayoyi a tebur ka ba shi.

Matsalolin da za ku tarar

Za a gaji. Watan farko kowa yana da zafi, wata na uku sai a fara noƙewa. Maganin wannan shi ne kada a ɗora ma gida ɗaya nauyi da yawa, kuma a riƙa zama kowane wata ana duba kaye.

Za a yi magana. Wani zai ce neman suna kuke. Wani ɗa da ke nesa zai ji haushi, ya ce an mai da uwarsa almajira. Ku kira shi, ku yi mashi bayani da hankali, ku ba shi hanyar sa hannu. Ba ku zo ku ɗauke ma dangi haƙƙin da ke kansu ba. Kun zo ku toshe ranakun da babu kowa.

Wani mai bukatar zai ƙi karɓa. Da can shi ke ciyar da mutane, yau kunya ta hana shi. Kada ku tilasta. Ku bi ta hannun wanda yake jin nauyi, ko ku mai da abin ciyayya: a ɗauki kwano a je ɗakinsa a ci tare da shi. In tsohuwa tana iya ɓarar gyaɗa ko kaɗa auduga ko jiran jariri, ku bar ta ta yi maku. Mutum yana son ya ji shi ma yana da amfani.

Damina za ta zo, kowa yana gona. Tun kafin ruwa ya sauka ku sake zama, ku gyara zagayen. Mai zuwa gona da sassafe ta dama fura ta bari a kai. Waɗanda ba su zuwa gona su karɓi gurbin rana.

Kafin mu rufe

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida ɗaya ba ya iya ciyar da maƙwabci shekara guda, amma gida 14 suna iyawa ba tare da kowa ya ji nauyi ba. Hatsin yana nan, masu girkin suna nan, yaran aike suna nan. Wanda ake jira shi ne mai riƙe kaye, ya rubuta, ya tuna ma kowa ranarsa. Da can sai a ce babu mai ilimin yin haka a unguwa. Yanzu ga ka, ka iya rubuta suna, ka iya rubuta rana, ka iya lissafin tiya.

Wanda ke kwance a ɗakin nan, jiya shi ke noma, ita ke daka. In Allah ya ba mu tsawon rai, mu ma za mu kai inda suka kai. Yaran da muke aika da kwano yau suna kallo, suna koyo. Allah ya ba mu ikon yi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba da dami kaɗai ba ya isar tsohuwar da ba ta da ƙarfi?
2. Su wane ne ciyayya ba ta kai gare su?
3. A wace shekara aka fara kai ma tsofaffi abinci har gida a ƙasar Ingila?
4. Awa nawa dafaffen abinci zai yi a ajiye kafin ya zama abin tsoro?
5. Faɗi alamu 3 da za su sa a nemi likita da gaggawa.

Lissafi

1. Mutum 1 yana cin tiya 6 a wata. Tiya nawa mutum 4 za su ci?
2. Akwai gurbi 14 a mako. Gida 7 suka shiga. Sau nawa kowane gida zai dafa?

Aikin gida

Ka ja layi a kayenka, ka rubuta ranakun mako 7, da gurbin rana da na dare. Ka yi tunanin mutum ɗaya a unguwarku da ba ya iya fita. Kada ka faɗi sunansa a aji. Yau da magariba, in an kwashe tuwo, ka je ka gaishe shi da kwano a hannu.